TSAKANIN HANAN DA HANNE: INA BAMBANCIN YAKE?

  Yau wata 'yar magana ce ke tafe da ni a kan wani suna da na tabbata duk mai bin littattafan nan da ake rubutawa a waya ya ci karo da shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, wato Hanan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, sunan nan ya kusa ɓata zumunci a gidanmu, kuma da na bi diddigin rigimar sai na tarar mu makaranta da marubutanmu muna da namu kason na laifi a ciki.

Ni mutumin Kumbotso ne, kuma kamar mutane da yawa a yankinmu, abincin gidanmu daga noman rani yake fitowa. Yayana yana da 'yan kadadu a filayen ban ruwa na wajen Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, yake biyo magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da albasa da tumatir. A watan Disamba na 2023, sanyi ya kankama, tumatir ya fara fure, Allah Ya sauki matarsa lafiya, aka samu 'ya mace bayan maza uku. Yaya bai yi shawara da kowa ba ya yi wa jaririya huɗuba da sunan mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, wato Hannatu.

Ashe ita mai jego tun tana da ciki ta riga ta ajiye suna a ranta. Matar Yaya ta yi sakandare, kuma idan ta gama aikin gida ba ta da abokin hira kamar littafi, duk wani sabon labari da ya fito a waya sai ta ga ƙarshensa. Hanan take so. Da labarin huɗuba ya iske ta a ɗaki, sai bakinta ya suɓuce a gaban 'yan barka ta ce, "Yanzu shi ke nan 'yata Hanne za a riƙa ce mata, kamar wata 'yar talla?" Kafin la'asar magana ta kai kunnen yayyenmu mata, su kuwa suka ɗauke ta a matsayin cin mutuncin uwarsu da ke kabari. Aka yi ta 'yan maganganu, har dai aka samu masu hankali suka ce abin ai mai sauƙi ne: tunda dama suruka ba ta faɗin sunan uwar mijinta saboda kunya, dole sai an yi wa yarinya laƙabi, to a bar sunan yanka Hannatu, uwar ta riƙa kiran ta Hanan.

An kusa rufe magana ke nan sai ga ɗan gwaggonmu, wani matashi da ba ya rabuwa da waya, ya shigo zaure ana gobe suna, ana ƙirga goro da dabino. Ya ce shi fa ya bincika a intanet, Hanan sunan Yahudawa ne, kuma ma sunan maza ne. Mai karatu ka tuna lokacin, wata biyu ke nan da fara ruwan wuta a Gaza, kowa zuciyarsa a ƙone take da abin da yake ji a rediyo. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ajiye carbi ya ce muddin yana numfashi ba za a kira wannan suna a gidansa ba. Mai jego ta kwana tana kuka, ta ƙi shan kunun kanwa, mahaifiyarta kuma ta ce idan haka ne a ba ta 'yarta ta je gida ta ƙarasa wanka. Da daddare Yaya ya same ni ya ce, "Kai da ka yi karatun Larabci, wai gaskiya yaron nan ya faɗa?"

Amsar da na ba shi ita ce zan ba ku. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya ɗauko, rabin magana kuwa wani lokaci ta fi ƙarya ɓarna.

Larabci da Ibrananci, wato harshen Bani Isra'ila, 'yan ɗaki ɗaya ne, daga tushe guda suka fito, kuma dukkansu suna gina kalmominsu ne a kan saiwa mai baƙaƙe uku. Mu kanmu Hausa dangi ce gare su ta nesa, har masana harsuna suna kawo misali da kalmar "suna" ita kanta, wadda suke ganin 'yar'uwar "ism" ce ta Larabci da "shem" ta Ibrananci. To saiwar da ta haifi Hanan ita ce ha da nun da nun, kuma tana nan a harsunan biyu tun fil azal, babu wanda ya ara daga wani. A Ibrananci ma'anarta ta fi karkata ga yin alheri da tagomashi, irin alherin da ake yi wa mutum ba don ya biya ba, shi ya sa ma kalmarsu ta "a kyauta" daga nan ta fito. A Larabci kuwa ta fi karkata ga tausayi da taushin zuciya da bege. Balarabe yana amfani da ita wajen kukan raƙuma idan tana kewar ɗanta, kuma da ita aka siffanta kukan kututturen dabinon nan na masallacin Madina lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bar jingina da shi ya koma kan mumbari. Daga nan ne ma sunan Hanin ya fito, wanda shi ma marubutanmu suke yawan sa wa taurarinsu.

Gaskiya ne a wurin Bani Isra'ila Hanan sunan namiji ne. A tsofaffin littattafansu akwai maza da dama masu wannan suna, har da ɗaya daga cikin jaruman rundunar Annabi Dauda (AS), kuma har yau a can maza ake sa wa, kamar mawaƙinsu Hanan Ben Ari. Amma ka tsallaka katanga zuwa wurin Larabawa, sai ka tarar sunan mata ne. Ga Hanan Ashrawi, Bafalasɗiniyar da aka haifa a Nablus a 1946, wadda ita ce ta zama kakakin tawagar Falasɗinawa a taron Madrid na 1991. Ga Hanan al-Shaykh, marubuciyar ƙagaggun labarai 'yar Labanon da aka haifa a 1945. Na ce wa Yaya, idan don kishin Falasɗinawa za mu ƙi sunan nan, to ga Falasɗinawan da kansu suna sa wa 'ya'yansu, mu wa muke taya fushi? Sunan ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da dubban shekaru.

Sannan ga abin da ya fi wannan. Kalmar hanan da kanta tana cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratu Maryam aya ta 13, cikin jerin baiwar da Allah Ya yi wa Annabi Yahaya (AS), inda malaman tafsiri suka fassara ta da tausayi da rahama. Wasu masu nazarin harsuna ma sun lura cewa sunan da Bani Isra'ila suke kiran Annabi Yahaya da shi, wato Yohanan, daga wannan saiwa yake, ma'anarsa Ubangiji Ya yi alheri. Shi ne ya zama Yohanna a bakin 'yan'uwanmu Kiristocin Arewa, ya zama John a Ingila, Jean a Faransa, Juan a Sifaniya, Ivan a Rasha.

To ita Hannatu fa, wadda Baffa ya yarda da ita ɗari bisa ɗari? Nan ne abin dariyar yake. Hannatu ita ce ma ta fi Hanan zama 'yar Ibrananci tsantsa. Asalinta Hannah, ma'anarta alheri ko tagomashi, daga wannan saiwa dai ta ha da nun da nun. A littattafan Bani Isra'ila sunan mahaifiyar annabin nan ne da Larabawa suke kira Shamwilu. A wurinmu kuma malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun ambata cewa shi ne sunan matar Imrana, wadda Suratu Ali Imrana ta ba da labarinta: ta yi bakancen abin da ke cikinta ga hidimar ɗakin Allah tana zaton namiji ne, sai ta haifi mace, ta sa mata Maryam. Ta wannan hanya sunan ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya ƙara masa "tu" kamar yadda ya yi wa Saratu da Hajaratu, sannan ya gajarta shi ya ce Hanne. Turawa kuma suka mai da shi Anna da Anne. A shekarar 2000 Hannah shi ne suna na biyu da aka fi sa wa jarirai mata a duk faɗin Amurka, a daidai lokacin da mu muka fara jin kunyarsa. Ashe Hanan da Hanne dai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Idan kuwa muka ce duk sunan da ya biyo ta harshen Bani Isra'ila za mu yar, to rabin zaurenmu zai tashi babu suna. Isyaku ma'anarsa zai yi dariya. Isma'ila, Allah Yana ji. Yusufu, zai ƙara. Dauda, abin ƙauna. Zakariyya, Ubangiji Ya tuna. Saratu, gimbiya. Rahila, tunkiya. Wannan ba sabon ilimi ba ne, domin duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanci nahawu ya san ana ce wa yawancin sunayen annabawa ajamawa, shi ya sa ba a yi musu tanwini, ban da 'yan kaɗan irin su Muhammadu da Salihu da Shu'aibu da Hudu da Nuhu da Luɗu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim. Sunayen da ya canza wa sahabbai kuwa saboda ma'anarsu ya canza su, kamar yadda ya mai da Barra ta koma Zainab don kauce wa yabon kai, ko yadda ya nemi Haznu, mai ma'anar tsauri, ya koma Sahlu, mai ma'anar sauƙi. Dukkansu kuma sunayen Larabci ne. Ma'ana aka duba, ba a tambayi daga wane harshe suna ya fito ba.

Saura maganar namiji da mace. Jama'a, wannan al'adar gari ce kawai. A Kano idan aka ce Nura kowa ya san namiji ne, ga Nura M. Inuwa nan muna jin waƙoƙinsa, amma a Riyad babbar jami'ar mata sunan Gimbiya Nura bint Abdurrahman take ɗauke da shi. Ihsan da muke sa wa 'yanmatan littafi, a Masar sunan ƙasurgumin marubucin soyayya ne, Ihsan Abdul Ƙuddus, namiji, wanda ya rasu a 1990. Yunusa namu asalinsa Yona, wato kurciya, kuma masu Ibrananci maza da mata suke sa wa, har suna da shahararriyar mawaƙiyar baiti mai suna Yona Wallach. Mu kanmu muna da irin wannan tun kaka da kakanni. Duk wanda aka haifa bayan tagwaye Gambo ne, ko namiji ko mace: ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar gwagwarmayar NEPU, ga kuma Gambo mai waƙar ɓarayi. Haka Auta, haka Kyauta. Ba mu taɓa jin an yi rigima a kansu ba.

Washegari da asuba, kafin liman ya iso, na durƙusa gaban Baffa na zayyana masa duk wannan a hankali. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To na ji, malam. Tunda ayar Allah ta ambace shi, na janye. Amma ka amsa mini tambaya ɗaya. Idan duk ɗaya ne kamar yadda ka ce, me ya sa ta ji daɗin Hanan, ta ce Hanne 'yar talla ce?"

Wallahi ban sami amsar da zan ba shi a lokacin ba. Daga baya ne na gane amsar tana cikin wayar matar Yaya, tana kuma cikin tawa.

Mai karatu, ka tuna littattafai goma na ƙarshe da ka karanta a waya. Wace ce 'yar Alhajin da ke saukowa daga bene tana ƙamshin turare, ta yi karatu a Dubai ko Landan? Hanan ce, ko Ihsan, ko Amal, ko Afnan. Wace ce take goge mata takalmi, ana daka mata tsawa a kicin? Hanne ce, ko Indo, ko Dije, ko Mairo, ko Talatu. Idan ma tauraruwar daga ƙauye aka ɗauko ta, to ranar da ta waye ta fara sa leshi, ranar sunanta yake canzawa: Dije ta koma Deejah, Abu ta koma Zee, Binta ta koma Teemah. Alhali Indo A'isha ce, Dije Khadija ce, Abu Zainab ce, Binta Fatima ce, Mairo Maryam ce. Sunayen mata mafiya daraja a tarihinmu ne, kakanninmu suka tausasa su a bakinsu saboda ƙauna da girmamawa. Shekara da shekaru muna karanta wannan rabon, har ya zauna mana a rai cewa akwai sunan masu kuɗi, akwai na talakawa. Matar Yaya ba ta raina mahaifiyarmu ba, na san irin zaman da suka yi. Abin da littafi ya koya mata ne ya fito daga bakinta, tana tsoron kada 'yarta ta tashi da sunan da za a yi mata dariya a makaranta.

Kuma ba haka abin yake a da ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da tauraruwa mai suna Abu, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da tauraruwa mai suna Rabi, dukkansu a wajejen 1990, kuma babu wanda ya ajiye littafin don sunan bai yi masa zaƙi ba. Halin matan da wahalar da suka sha ne suka riƙe mu. A zahiri ma sunan bai hana kowa komai ba, domin a 2023 ɗin nan da muke rigima a zaure, Hannatu Musawa aka naɗa ministar al'adu ta tarayya. Haka shi ma Hanan ba baƙo ba ne a manyan gidaje, da shi aka san ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari. Duk biyun suna da gurbi a cikinmu.

Kada wani ya ce ina yaƙi da sababbin sunaye. Ko kusa. Mu manoman rani mun fi kowa sanin amfanin baƙon iri. Tumatir ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas asalinsa daga nahiyar Amurka yake, haka masara, wadda sunanta ma yake nuna ta hanyar Masar muka san ta, yau kuwa wa zai ce ba namu ba ne? Hannatu ma wata rana baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Hanan suna ne mai kyau, mai ma'ana mai kyau, duk mai so ya sa wa 'yarsa. Abin da nake ƙi abu biyu ne. Na farko, a ɗauki suna don zaƙinsa a kunne kawai, ba a san me yake nufi ba, sai ranar da wani yaro ya zo da rabin bayani daga waya gida ya rikice. Da matar Yaya ta san ma'anar sunan da take so, da ita za ta kare kanta da jimla ɗaya. Na biyu, a ɗaukaka baƙon suna ta hanyar wulaƙanta na gida. Bahaushe ya ce suna linzami, to linzamin da muke sa wa 'ya'yanmu shi ne su ji kunyar sunan kakanninsu.

Don haka ga roƙona. Ku marubuta, musamman 'yan'uwa mata da kuka fi yawa a wannan fage, alƙalaminku ya fi ƙarfin yadda kuke zato, domin sunan da kuka sa wa tauraruwa bana shi za a raɗa wa jarirai baɗi. Ku ba mu likita mai suna Hanne, ku ba mu lauya mai suna Dije wadda ba ta canza sunanta ba har ƙarshen littafi, ku kuma bar wata Hanan ɗin ta yi tallan gyaɗa, domin a gari akwai su. Mu iyaye kuma, kwana bakwai Allah Ya ba mu tsakanin haihuwa da suna, sun isa mutum ya taka zuwa wurin malamin da ya san Larabci ya tambayi ma'ana da asali, matambayi ba ya ɓata. Maigida kuma ya tuna cewa ko da haƙƙin raɗa suna nasa ne, wadda ta ɗauki ciki wata tara ta cancanci a yi shawara da ita kafin huɗuba. Da Yaya ya yi haka, da duk wannan ba ta taso ba. Matasanmu masu bincike a waya, Allah Ya ƙara basira, amma idan kun karanta layin farko ku daure ku karanta na biyu kafin ku shigo zaure.

A ƙarshe dai an yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙi ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci sunan Hannatu. Mai jego ta ƙarasa wankanta a ɗakinta, ta kuma bi yayyenmu ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Yanzu yarinyar tana gudunta ko'ina a tsakar gida. Uwarta tana kiran ta Hanan, mu 'ya'yan marigayiya muna ce mata Ummi, Baffa kuwa idan ya dawo daga gona da 'yan tumatir a aljihun riga sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ina Hanne amaryata?" Duk ukun tana amsawa.

Wanda yake da wani ra'ayi daban, ko ya ga inda na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ilimi kogi ne. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa su ci albarkacin sunayensu, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a wani karon idan rai ya kai.

Wassalam.